Uwargida Mai Keken Ɗinki, Ki Kula Da Bayanki

Darasinmu na wannan fitowa na masu sana'ar ɗinki ne, musamman ke da kika ajiye keken Butterfly a ɗaki, ko kike ɗinkin hula da surfani a tsakar gida. Daga Kutawa zuwa Dutsin-Ma da Kurfi, wannan sana'a ta rufa wa mata da yawa asiri, amma tana da nata haraji, kuma jiki ne ke biya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 kimanin mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu a duniya, kuma mata sun fi maza yawa a ciki.

To, me ke kawo shi ga tela? Kan babban mutum ya kai nauyin kilo 5. Duk lokacin da kika sunkuya kina bin allura da ido, naman wuya da na kafaɗa ne ke riƙe da wannan nauyi, awa bayan awa. Ga kujera 'yar tsugunno ko benci marar majingina, bayanki ya lanƙwashe kamar baka. Ga taka keke da ƙafa ɗaya, ƙugu ya karkace. Sai kuma goman ƙarshe na azumi, kaya sun taru, kina kwana kan keke da hasken tocila, ga girki, ga goyo. Ina jiki zai ɗauka?

Akwai wata alama da mata ke rainawa: babban yatsa da manuni da na tsakiya su riƙa mutuwa ko tsikari, musamman cikin dare. Sau da yawa wata jijiya ce ta matse a wuyan hannu saboda maimaita motsi ɗaya, irin na almakashi da allura. Ya fi samun mai juna biyu. In an bar shi ya daɗe, allura ma sai ta riƙa suɓuce miki.

Gyaran ba ya cin kuɗi sosai. Ki nemi kujera mai majingina wadda in kin zauna gwiwar hannunki za ta zo daidai da teburin keke, ki naɗe zani ki tokare ƙugunki da shi. Ki ɗora ƙafa biyu a kan mataki. Yankan yadi ki yi shi a kan tebur, ki daina durƙusawa a tabarma. Duk bayan minti 30 ki miƙe, ko ruwa ne ki je ki sha. Ki matso da keken kusa da taga, in kuma zare ya fara yi miki wuyar zurawa, a gwada idonki. Kayan Sallah kuwa, ki karɓi iya wanda za ki iya. Kunyar maƙwabciya ba za ta yi miki jinya ba.

Sai batun ƙwayoyin kemis. Diclofenac da ibuprofen suna kwantar da zafi, amma shansu kullum yana jawo gyambon ciki, yana kuma taɓa ƙoda. Mai ciki kada ta sha sai da izinin likita.

In ciwon ya wuce mako 6, ki sanar da maigida ku je Babban Asibitin Dutsin-Ma. Amma in ƙafa ta yi sanyi ba ƙarfi, ko fitsari ya fara kufce miki, wannan kam a tafi a ranar.