Maraɗi, birnin bakin gulbi

Daga Cadawa, in ka bi kwalta ka yi yamma, za ka isa Maraɗi. Birnin yana bakin gulbi. Gulbin ya taso daga ƙasar Katsina, ya ratsa Madarunfa, Maraɗi, Tsibiri da Gidan Runji, sannan ya koma Najeriya. Da damina kaɗai yake gudu.

Da can, garin cikin fadama yake. A shekarar 1945, ruwa ya yi ambaliya, ya rushe gidaje da yawa. Sai mutane suka tashi, suka gina sabon gari bisa tudu.

Ruwan sama yakan sauka daga watan Yuni zuwa Satumba. Daga Disamba sai hunturu, da sanyi da hazo. Cikin Afrilu da Mayu, zafin bazara yakan wuce digiri 40.

Manoma suna shuka gero, dawa, wake da gyaɗa. In gulbi ya janye, sai su shiga fadama noman rani: tumatir, albasa da rogo. Gyaɗa ce ta fara ɗaukaka kasuwar Maraɗi. Yau fatake suna ciniki da Katsina da Kano ta hanyar Ɗan Isa.

Baƙo yakan ziyarci fadar Sarkin Katsina, da babbar kasuwa, da tabkin Madarunfa inda masunta ke kamun kifi.

Gulbi yana ciyar da mutane, amma ba a gina gida a kan hanyarsa.

Tambayoyi
1. Daga ina gulbin Maraɗi ya taso?
2. Don me aka mayar da gari bisa tudu?
3. Me ake nomawa cikin fadamar garinku?