Darasin Kwamfuta: Yadda Python da C Ke Haɗa Hannu Su Karanta Bayanan Ruwan Sama

Darasinmu na yau yana kan wata tambaya: idan masana suka tara bayanan ruwan sama na shekaru da dama, ta yaya kwamfuta ke karanta su?

Mu fara da girman aikin. Akwai wani kundin bayanai mai suna CHIRPS na Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara a Amurka. Yana haɗa hotunan tauraron ɗan'adam da awon tashoshin ƙasa tun daga 1981, kuma ana amfani da shi wajen sa ido kan fari a yankinmu na Sahel. A fitowarsa ta biyu an yanka taswira zuwa ƙananan gidaje, 7,200 a kwance da 2,000 a tsaye. Ku ninka da kanku: gidaje 14,400,000 ke nan a rana guda. Irin waɗannan bayanai akan adana su a fayil mai tsarin NetCDF, wanda cibiyar Unidata ta Amurka ta ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1980. Lambobin cikinsa a cuɗe suke da yaren inji, ba a buɗe shi a karanta kamar wasiƙa.

Harsunan kwamfuta da suka shafe mu a nan iri biyu ne. Na farko su ne irin Fortran, na 1957, da C, na 1972. Abin da aka rubuta da su sai an fassara shi dukansa zuwa yaren inji kafin ya fara aiki, kamar littafin da aka gama fassarawa aka buga. Suna da sauri ƙwarai, amma rubuta su akwai wuya. Na biyu su ne irin Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991. Shi aikinsa irin na tafinta ne a kotu: a faɗa, ya fassara, a sake faɗa. Yana da sauƙin koyo, sai dai yana tafiyar hawainiya idan aka ce ya bi lambobi miliyoyi ɗaya bayan ɗaya.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, shi ya sa masana suka haɗa su. Manhajar da ta san sirrin fayil ɗin NetCDF da C aka rubuta ta. Sai aka gina gada, wato wata ƙaramar manhaja mai suna netCDF4. Mai bincike zai rubuta layi uku ko huɗu a Python: buɗe fayil, ɗauko ruwan watan Agusta, fitar da matsakaici. Gadar za ta miƙa saƙon ga C, shi ya yi aikin ƙarfi, ya dawo da lambobin a jere cikin NumPy, ma'ajiyar lambobi ta Python.

To, a kan gadar ne ake yin tuntuɓe. Mu ɗauki misali da lambobin wasa. Kano ta samu 1, 2, 3 a Yuni, Yuli da Agusta, Damagaram kuma 4, 5, 6. C yana jera tebur layi bayan layi: 1, 2, 3, 4, 5, 6. Fortran kuwa daga sama zuwa ƙasa yake bi: 1, 4, 2, 5, 3, 6. Idan Fortran ya jera, aka karanta da tsarin C, Kano za ta koma 1, 4, 2. Ruwan Yunin Damagaram ya zama na Yulin Kano ke nan, kuma kwamfuta ba za ta ce uffan ba.

Tuntuɓe na biyu shi ne gurbin da babu awo. A CHIRPS ana cike shi da -9999. Wanda ya haɗa wannan lamba cikin lissafinsa zai ga fari a inda aka yi damina mai albarka. Na uku, Python da C suna fara ƙirga daga 0, Fortran kuma daga 1, don haka ana iya zamewa da rana guda.

Saboda haka, duk wanda ya karanta fayil ya fara duba bayanin da ke kansa: sunan awon, ma'auninsa, da tsarin jerinsa. Sannan ya gwada wurin da ya sani. Idan ya ga Kano ta fi samun ruwa a Janairu, ya koma ya duba gadarsa, domin da irin wannan lissafi ake ba manoma shawara.

Aikin gida: garuruwa uku, watanni biyu, lambobi 1 da 2, 3 da 4, 5 da 6. Ku rubuta yadda C zai jera su da yadda Fortran zai jera su, ku jefa amsa a akwatin kulob kafin ranar Juma'a.