Amsoshin Tambayoyinku: Yaya ake gano abin da aka ɓoye a cikin man shafawa?

Tambaya: Ƙanwata ta daɗe tana shafa wani man ƙuraje, har fatarta ta siranta, jijiyoyi suka fito. Likita yana zargin akwai sitiroyid a ciki, alhali ba a rubuta a kwalin ba. Ta yaya za a tabbatar, tunda duk man fari ne fat? Daga wata mai karatu a Kano.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba ƙanwarki lafiya. Ido ba ya iya wannan aikin. Sitiroyid mai ƙarfi irin clobetasol, rabin miligiram ne kacal a giram ɗaya na mai. Sauran galibi ruwa ne da maiƙo da kakin da ke haɗa su. Dole sai an raba kafin a gane.

Da farko a ɗakin gwaji akan narka man a cikin sinadarin metanol mai ɗumi, sannan a sanyaya. Kin ga yadda kitse ke daskarewa a saman romo idan ya kwana? Haka maiƙon ke yi, sai a tace, maganin ya saura a ruwan.

Daga nan sai kuromatogirafi, dabarar da masanin tsirrai na Rasha, Mikhail Tsvet, ya bayyana a 1903, bayan ya zuba ruwan ganye ta cikin garin alli ya ga launuka sun rabu hawa-hawa. Na'urar yau, HPLC, famfo ne ke tura ruwan ta wani siririn bututun ƙarfe da aka ɗura wa gari mai laushi. Wani sinadarin yakan maƙale wa garin ya yi jinkiri, wani ya wuce da sauri, don haka kowanne da mintin fitowarsa. A bakin bututun akwai fitila mai auna abin da ya fito. Sai a tura clobetasol na asali a kwatanta: lokacin fitowa ya nuna ko shi ne, girman alamar da na'urar ta fitar ya nuna yawansa. Haka ake kama hydroquinone na man bilicin. 

Irin wannan gwajin aikin hukumar NAFDAC ne, kuma tana da ɗakin gwaji a Kaduna. Ki adana man da kwalinsa, ki kai musu rahoto. Abin da ya fi damuna shi ne kada ƙanwarki ta daina shafawa farat ɗaya, don fatar na iya rikicewa. Likita ne zai tsara mata yadda za ta riƙa ragewa.