Sabis Ya Ɗauke a Birnin Gwari? A Fara Duba Sama

Aikina kula da turakun sadarwa ne, kuma tambayar da mutanen Birnin Gwari suka fi yi mini ita ce: "Injiniya, an sake rufe sabis ne?" Ban ga laifinsu ba. Tun da aka katse layukan waya a sassan Jihar Kaduna a ƙarshen Satumbar 2021 saboda 'yan bindiga, da zarar sabis ya ɗauke sai hankali ya tashi. Alhali sau da yawa aikin yanayi ne.

Turakun karkara da dama ba su da wayar fayiba. Farantin nan mai kama da ganga da kuke gani a jikin turke, shi ke miƙa saƙo ga turke na gaba ta igiyar rediyo, kuma dole su riƙa hangen juna. Idan saurin kaɗawar igiyar ya haura gigahaz 10, ɗigon ruwan sama kan shanye ta ya tarwatsa ta. Shi ya sa a watan Agusta sabis kan yi rauni alhali garinku ko yayyafi babu: hadarin ya sauka ne tsakanin turaku biyu, can cikin daji.

Yanzu ga sabuwar fasaha ta aika intanet da hasken leza ta cikin iska. A 2021, shirin Taara na kamfanin Alphabet ya haɗa Barazabil da Kinshasa ta saman Kogin Kwango, tazarar kusan kilomita 5, ba a tona ko taku ɗaya ba. Ga yanki irin namu, inda tona ramin fayiba a hanyar Buruku zuwa Birnin Gwari kasada ce da rai, abin akwai ban sha'awa.

Sai dai shi ma haske yana da nasa maƙiyan. A bakin teku, hazon ruwa da gishirin iska ke dushe shi. Mu kuwa hazon hunturu ne, ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, wadda kan hana jirage sauka a Kano da Kaduna. Abin da ya tare wa ido gani, ya tare wa leza hanya. Ga kawalwalniyar bazara da ke sa hasken rawa, ga kuma farin hazon asuba da kan kwanta bisa dajin Kamuku da damina.

Sa'ar da aka yi, ƙurar hunturu ba ta cika damun igiyar rediyo ba, ruwan sama kuma bai kai hazo cutar da haske ba. Don haka a haɗa su biyun, ɗaya ya riƙe idan ɗaya ya gaza.

Shugabanninmu, duk wanda ya zo muku da wannan fasaha, ku tambaye shi: ya duba bayanan hazo na hukumar kula da yanayi ta NiMet? Akwai rediyon ko-ta-kwana? Wa zai riƙa goge gilashin na'urar da allon sola?

Masu POS, idan hadari ya haɗo kuma kuɗi suka maƙale, ku dakata, kada ku sake turawa. In sabis ya dawo bayan an ɗauke ruwa, yanayi ne. In kuwa ya wuni babu alhali gari garau, ku rubuta lokacin da ya ɗauke ku kai rahoto. Da wannan lokacin muke gane turken da ya sami matsala.