Filin Shawarwari: Wace Tarakta Ce Daidai da Gonata?

TAMBAYA

Ni dattijo ne, bara na yi ritaya bayan shekara 35 ina aikin gwamnati, na tare a gidan gonata da ke yankin Bunkure a jihar Kano. Filin duka hekta biyar ne: uku a tudu, inda nake shuka masara da dawa da gyaɗa, ɗaya fadama ce ta shinkafa, ragowar kuwa gida ne da garken shanu da itatuwan mangwaro wajen arba'in.

Daminar da ta wuce na ji jiki. Na biya mai tarakta kuɗin haro tun ruwa bai sauka ba, amma sai da na kwana 19 ina jiransa, kullum sai ya ce gobe. Ranar da ya zo, ciyawa ta kai gwiwa, maƙwabtana har sun gama noman farko. Masarata ba ta ba ni rabin abin da ta saba ba. Ga takin shanu jibge a bakin garke, babu abin kwasarsa zuwa gona.

Yanzu kuɗin sallamata sun fito, ina son in mallaki tawa. An nuna mini wata 'yar ƙarama ta hannu daga Japan mai ƙarfin doki 18, an kuma nuna mini wata tsohuwar babba mai ƙarfin doki 75 a farashi mai sauƙi. Babban ɗana kuma ya dage sai in sayi mai ƙafa biyu, wadda ake bi a baya. Kaina ya ɗaure, kuma kuɗin nan su ne ƙarshen abin da na tara. Don Allah a ba ni shawara.

Naka, mai karatu daga Bunkure.

AMSA

Baba, Allah ya sa wa ritayar albarka, ya mayar maka da abin da ka rasa. Duk manomin da ya taɓa tsayawa a bakin gonarsa yana sauraren ƙarar tarakta daga nesa, ƙasa tana bushewa a kan idonsa, ya san ciwon da ka faɗa. Sai dai ina roƙonka kada zafin waccan damina ya zaɓa maka inji. Aikin da ke gabanka shi zai zaɓa.

Mu fara da lissafi. Ƙaramar tarakta da ke jan haro mai faɗin mita ɗaya da rabi, tana tafiyar kilomita biyar a awa, in an cire juye-juyen bakin gona, za ta gama wajen rabin hekta a awa ɗaya. Hekta huɗun da kake nomawa ke nan awa takwas. Ƙara huɗa, ƙara maimaici inda ƙasa ta yi tauri, da wuya ka wuce awa 30 a shekara. Ka ga aikin da ya hana ka barci bai cika mako guda ba. Sauran watannin fa? A nan ne kwasar taki, ɗebo ruwa da yashi, yanke ciyawar ƙarƙashin mangwaro da jigilar amfanin gona za su shigo. Saboda haka abin da kake nema inji ne da zai shiga ƙofar garke, ya ratsa tsakanin itatuwa, ya ja tirela, ya kuma iya da lakar fadama.

Da wannan ma'auni, babbar ta fita. Irin su Massey Ferguson 375 tarakta ce mai nagarta, kusan kowane makanike a Arewa ya san cikinta, amma an yi ta ne don manyan gonaki da masu sana'ar haya. A wurinka za ta sha dizal fiye da aikin da za ta yi, nauyinta zai danne ƙasar fadama, tsayinta zai riƙa karya rassan mangwaro. Sannan tayarta ta baya guda ɗaya ma kuɗi ce mai yawa. Tsohuwar babbar tarakta da aka karya wa farashi, a tuna da cewa araha ba ta ado.

'Yar Japan ɗin kuwa, kamfanoni irin su Kubota da Yanmar da Iseki sun iya ƙira, babu shakka. Matsalar ita ce yawancin na hannun da ake shigowa da su an ƙera su ne don manoman shinkafa na cikin Japan, ba don a fitar da su waje ba. Littafinsu da Japananci yake, wasu kayan gyaransu kuma sai an yi oda. Ga shi ƙarfin doki 18 zai sha wahala da haro a ƙasar tudu da ta bushe. Ka karɓi lambar samfurinta ka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ka tambayi matatar mai, matatar iska, kuloci da famfon ruwanta. In ba a ɗauko maka su daga kan kanta ba, ka haƙura da ita. Taraktar da ta tsaya a watan Yuni tana jiran ɗan ƙarfe daga ƙetare, ta mayar da kai inda ka baro.

Ɗanka ma bai yi kuskure ba. Mai ƙafa biyu tana da sauƙin kuɗi da sauƙin gyara, kuma a fadamar shinkafa tana aiki sosai. Amma bin ta a baya yini guda aikin matashi ne, kuma hekta uku a tudu za su ja ta da nisa.

Abin da nake ganin ya dace da kai shi ne tarakta mai ƙarfin doki 30 zuwa 40, mai jan ƙafa huɗu saboda fadama, daga kamfanin da ke da wakili da makanikai kusa da kai, ko Mahindra ce ko Sonalika ko Massey Ferguson ko wata. Daidai ruwa daidai tsaki. Ka duba abu uku a jikinta. Na farko, hannuwa ukun nan na baya da ake maƙala garma, tsarin da Harry Ferguson ya yi wa rajista a 1926, su zama masu girman da ake kira aji na ɗaya, domin kayan aikin ƙananan taraktoci a kansa ake ƙera su. Na biyu, sandar baya mai juya injina ta zama mai juyi 540 a minti, ita ce za ta tuƙa maka injin yankan ciyawa da na casa da famfon ban ruwa. Na uku, tazarar tayoyinta. Kunyar masara da dawa a wajenmu santimita 75 ce, don haka tazarar da ta kusa mita ɗaya da rabi ita za ta sa tayoyin su bi kwari ba tare da sun taka shuka ba.

Kada ka zuba duk kuɗin a kan taraktar. Ita kaɗai ba ta noma; sai da haro, garmar huɗa da tirela. Ka ware kuɗinsu tun farko, ka kuma ajiye na dizal da gyaran shekara guda.

In ta hannu za ka saya, ka je da makaniken da ka yarda da shi, da sassafe, ba tare da ka faɗi lokacin zuwanka ba. Ka ɗora tafin hannunka a kan injin. In ka ji ɗumi, an riga an tayar da ita, ka dawo gobe, domin a sanyi ne inji ke faɗin gaskiya. Ka kalli hayaƙi: shuɗi alamar tana ƙona baƙin mai ce, fari mai ɗorewa kuma yana iya nufin ruwa na shiga inda bai kamata ba. Ka zaro ma'aunin mai, in ya yi kamar madara, ka juya. A maƙala mata haro a ɗaga sama, a kashe injin, ka tsaya kana kallo. In haron ya yi ta sauka a hankali, haidirolik ɗinta ya gaji. Kada ka dogara da agogon awoyi kaɗai, ka dubi yadda takalmin kuloci da birki suka cinye. A ƙarshe a shiga gona da ita ta yi aikin awa guda, gani ya kori ji. Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar inji da shaidu.

Akwai abin da ya fi kuɗin muhimmanci. Juyi 540 a minti yana nufin sandar nan tana zagayawa sau tara a daƙiƙa ɗaya. In ta kama hannun babbar riga ko bakin rawani, babu damar ja da baya. Murfinta ya zauna a kanta kullum, a kuma kashe inji kafin a taɓa komai a bayanta. Ka sayi mai ƙarfen kariya a saman kujera, direba ya ɗaura bel, domin kifewa na cikin manyan abubuwan da ke kashe masu tuƙa tarakta. Kada a ɗaura igiyar jan kaya sama da mahaɗin da aka tanada. Jikokinka kuma, komai kukansu, kada a ɗora su a gefen taya.

Tun da aikinka ba zai cinye lokacinta ba, ka gama naka, sannan ka yi wa maƙwabta haya. Kamfanin Hello Tractor da aka kafa a 2014 a kan wannan buƙata ya ginu, yana haɗa masu tarakta da manoma ta wayar salula. Amma ka karɓi aikin da za ka iya gamawa kawai, kada wani ya kwana 19 yana jiranka.

In kuɗin ba su isa ƙaramar mai ƙafa huɗu da kayanta ba, kada ka ci bashi. Ka sayi mai ƙafa biyu da 'yar tirelarta, ɗanka ya riƙe ta, ka haɗa da garmar shanu a tudu. Ka kammala cinikin tun da rani, Baba, domin ruwan farko ya same ka a shirye. Allah ya ba mu damina mai albarka.