Harajin Amurka yana bin ɗan ƙasa har waje

Wata injiniya haifaffiyar Amurka da ke aiki a Abuja ta rubuto tana tambaya: "Ban taɓa cika takardar harajin Amurka ba. Dole ne?"

Malama, ki kwantar da hankalinki. Amurka tana bin 'yan ƙasarta haraji duk inda suke zaune, muddin samunsu ya kai iyakar da hukumar harajin Amurka (IRS) ta gindaya. Mazauna waje suna da wa'adi har 15 ga Yuni su miƙa fom 1040. Da fom 1116 za a cire miki harajin da kika biya Najeriya daga wanda Amurka ke bin ki.

Idan kuɗin asusunanki na wajen Amurka sun haura dala 10,000, ko da na rana ɗaya, rahoton asusunan waje (FBAR) ya wajaba.

Wanda bai ƙi cika takardun da gangan ba yana da sassauci: takardun haraji na shekara 3, FBAR na shekara 6, babu tara. Ki nemi ƙwararren akanta tun kafin IRS ta neme ki.