Samanja Mazan Fama da Hausar Bariki

Sau da yawa ɗalibin harshe kan ɗauka cewa sai a littafi ko a bakin tsofaffin ƙauye ake samun abin nazari. Wannan ɗan rubutu zai dubi wani ɗan wasan barkwanci wanda bakinsa kaɗai ya isa a rubuta kundin digiri a kansa, wato marigayi Usman Baba Pategi, wanda aka fi sani da Samanja.

An haife shi a shekarar 1942 a garin Pategi, cikin Jihar Kwara ta yanzu, a gidan sarauta. Banufe ne, ke nan ba Hausa ya tsotsa a nono ba. Ya shiga aikin soja a shekarun 1960, ya yi ritaya a 1985. Wasansa, Samanja Mazan Fama, ya yi tashe a gidajen rediyo da talabijin na Kaduna tun daga shekarun 1970. Allah ya yi masa rasuwa a Kaduna cikin watan Nuwamba na 2023.

A wancan zamani yawanci ba a rubuta wa 'yan wasa abin da za su faɗa kalma bayan kalma. Akan tsara gundarin labari ne kawai, kowa ya san rawarsa, sauran kuma sai abin da baki ya kawo nan take. Saboda haka maganar da ke fita daga bakin Samanja ba ta marubuci ba ce, ta mutumin da ya zauna a bariki ce, ya sha fareti, ya ji yadda Bayarabe da Tibi da Babarbare ke sarrafa Hausa don su fahimci juna. Yakan fara jimla da Hausa, ya tsunduma cikin Turancin buroka, ya rufe da tsawar soja, kuma a wannan sauyin ne dariyar take. Shi kansa sunan darasi ne: daga muƙamin Ingilishi na sergeant major Bahaushe ya sassaƙo "samanja", kamar yadda ya samo kofur da saje da kurtu.

Irin wannan Hausa ita masana ke kira Barikanci. Daga cikin alamominta akwai watsi da jinsi, a ce "mace ya zo", da mayar da ƙ zuwa k, ɗ zuwa d. Wasunmu kan yi mata kallon gurɓatacciya. A ganina wannan ba adalci ba ne, musamman gare mu a Maiduguri, inda za ka ji kusan irinta kullum a Kasuwar Monday, kuma ciniki bai taɓa tsayawa ba don an ce "ya" a gurbin "ta".

Tunda ba a kan takarda maganar take ba, sai a faifai, ga aiki ga 'yan aji uku: a nemo wasa guda, a rubuta minti biyar daga cikinsa yadda aka furta, ba tare da gyara ba. Sannan a ja layi a duk inda ya sauya harshe, a duba da wa yake magana a lokacin, hafsa ne, kurtu ne, ko matar gida.